Gyaran majami'ar Notre-Dame: abin da wuta ta ci da abin da sakaci ya riga ya ci

Ranar Alhamis 11 ga Afrilun 2019 wani dogon injin ɗaga kaya ya sauko da mutum-mutumi 16 na jan ƙarfe daga gindin hasumiyar majami'ar Notre-Dame da ke tsakiyar birnin Paris. Goma sha biyu siffofin manzannin Yesu ne, huɗu kuma alamun marubutan Linjila. Kusan shekara 160 suka yi a can sama, ruwa da iska sun mayar da su kore shar, shi ya sa aka ce a kai su wurin masu gyara. Bayan kwana huɗu, ran Litinin da yamma, hasumiyar da aka cire su daga jikinta ta kama da wuta, ta karye, ta rufta cikin majami'ar, duniya tana kallo.

Kowa ya ga hoton wutar. Abin da bai cika shiga labari ba shi ne ginin yana hannun masu gyara lokacin da ya ƙone, gyaran da aka daɗe ana jan ƙafa a kansa don rashin kuɗi. Majami'ar da aka yi shekaru ana neman mata Yuro miliyan 100 zuwa 150 don a toshe yoyo a tare zubewar duwatsu, ba a samu ba, ita ce aka yi wa alkawarin fiye da miliyan 800 cikin 'yan kwanaki bayan wuta ta cinye rufinta. A ganina nan ne gundarin labarin, kuma duk wanda aka ɗora wa kula da tsohon ɗakin ibada zai ga abin da ya shafe shi a ciki.

Ginin wa ne, wa zai biya?

A 1163 aka aza harsashin Notre-Dame, zamanin Bishop Maurice de Sully, a kan wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar kogin Seine, kuma aikin ya ci kusan shekara 200. Mutum zai ɗauka cocin Katolika ce ke da ginin, amma ba haka abin yake ba. A tsarin da Faransa ke kai tun dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati, gwamnatin ƙasa ce ke da manyan majami'u 87, har da Notre-Dame, ƙananan majami'un garuruwa da ƙauyuka kuma, kimanin 40,000, suna hannun hukumomin garuruwan. Coci tana da haƙƙin yin sujada a ciki ba tare da biyan haya ba, ba kuma mai korar ta. Rufi da bango kuwa na mai gini ne, wato ma'aikatar al'adu.

Wanda ya taɓa zama a gidan gado ya san inda irin wannan rabo yake kaiwa: kowa yana kwana a ciki, amma idan kwano ya fara zuba sai a shiga kallon juna. Kafin gobarar, kimanin Yuro miliyan 2 gwamnati ke ware wa Notre-Dame a shekara, ginin da mutum miliyan 12 zuwa 13 ke shiga duk shekara ba tare da an karɓi ko sisi a ƙofa ba. Zuwa 2017 abin ya fara ba da kunya. Wasu daga cikin indararon dutsen nan da aka sassaƙa da siffar dodanni sun karye, an maye gurbinsu da bututun roba. Inda dogaran dutse na saman bango suka zube, katako aka kafa. A bayan ginin akwai inda ake tara gutsattsarin duwatsun da suka faɗo. Har ta kai shugabannin cocin Paris suka tallafa aka kafa gidauniyar neman taimako a Amurka, domin a gida ba a samun abin da ake bukata.

Wani ɓangare na ɓarnar daga gyaran baya ya samo asali. Daga 1844 zuwa 1864 wani gwanin zanen gini mai suna Eugène Viollet-le-Duc, da farko tare da abokin aikinsa Jean-Baptiste Lassus, ya yi wa majami'ar gagarumin gyara bayan ta sha wuya a juyin juya halin Faransa. Da ba don shi ba da wuya ginin ya kawo yau. Amma a wasu wurare an sa siminti da duwatsun da ba su kai na asali ƙarfi ba, kuma a nan maginin ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani. Duk wanda ya ga an shafe tsohon ginin ƙasa da siminti ya san ƙarshen abin: bangon da yake shan danshi yana fitarwa an toshe masa numfashi, ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga bai samu hanyar fita ba, waje yana sheƙi ciki yana ruɓewa, rana ɗaya a ga ɓawon siminti ya ɓalle da rabin bango. Farin dutsen Paris ma haka yake. Magina na farko da kwaɓin farar ƙasa da yashi suka haɗa shi, kwaɓi mai laushi da ke barin danshi ya fita. Siminti ya fi dutsen tauri, don haka idan ruwa da sanyi suka matsa, dutsen ne ke farfashewa. Hayaƙin motoci da na masana'antu kuma ya ƙara nasa.

Rabin awar da aka rasa

Da misalin ƙarfe 6:20 na yammacin 15 ga Afrilu, ana cikin sujada a makon da ke gaban Ista, na'urar gargaɗin gobara ta yi ƙara. Na'urar ta yi aikinta. Matsalar ita ce saƙon da ta nuna a allo yana da wuyar fahimta, ma'aikacin da ke gaban allon sabo ne a wurin, sai aka tura mai gadi ya duba saman wani ɗan gini da ke jingine da majami'ar, inda limamai ke ajiye kayan sujada. Bai ga komai ba. Kafin a gane kuskure, a hau matakala kimanin 300 zuwa ƙarƙashin babban rufin, kusan rabin awa ta wuce, wuta ta riga ta yi ƙarfi.

Abin da ke ƙarƙashin rufin nan katako ne zalla, azarori na itacen oak da aka kafa tun ƙarni na 13, masu yawan da har ake ce wa wurin daji. Shekara 800 suna bushewa. Babu bangon da zai tare wuta daga wani sashe zuwa wani, babu bututun fesa ruwa, domin an ji tsoron kada sabbin kaya su ɓata tsohon gini. 'Yan kwana-kwana fiye da 400 suka yi ta fama. Hasumiyar mai tsawon mita 96 ta faɗi kafin ƙarfe takwas na dare, rufin dutsen da ke ƙasa ya ɓurme a wuri uku. Da wutar ta fara lasar katakon da ke riƙe da ƙararrawa a hasumiyar arewa ta gaban ginin, wasu 'yan kwana-kwana suka sayar da rai suka hau ciki, domin da ƙararrawan sun ɓalle da sun iya rusa hasumiyar, ita kuma ta ja sauran ginin. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Masu bincike sun ce ba su ga alamar ganganci ba, zarginsu ya fi karkata ga wayar lantarki ko guntun sigari.

Na daɗe a kan wannan dare ne don idan ana zancen gyaran tsohon gini hankali yakan tafi kan fenti da tagogi. Wayar lantarki, na'urar gargaɗi, mutumin da zai karanta ta da horon da aka ba shi, hanyar da zai bi ya isa inda wuta take, duk waɗannan gyara ne, kuma su ne aka fi rage wa kuɗi tun da ba mai ganin su. Lokacin aikin gyaran kansa kuma shi ne lokacin da tsohon gini ya fi shiga haɗari, saboda an shigo da wayoyi na wucin gadi da injuna da baƙin mutane wurin da ya shekara aru-aru ba mai taɓa shi.

Washegarin gobarar Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ce za a sake gina majami'ar cikin shekara biyar. Masana da yawa sun ga garaje a maganar. Kuɗi dai ya zubo, musamman daga attajiran Faransa: iyalan Arnault Yuro miliyan 200, iyalan Bettencourt da kamfanin L'Oréal miliyan 200, iyalan Pinault miliyan 100, kamfanin Total miliyan 100. A ƙarshe an tara Yuro miliyan 846 daga hannun mutum 340,000 a ƙasashe 150. A watan Yulin 2019 majalisa ta yi doka aka kafa hukuma ta musamman don aikin, aka ɗora mata tsohon hafsan sojojin ƙasar, Janar Jean-Louis Georgelin.

Kafin a gyara, sai an hana shi faɗuwa

Fiye da shekara biyu ba a aza sabon dutse ko ɗaya da sunan gyara ba. Sai mutum ya san yadda irin wannan gini ke tsayuwa zai gane dalili. Bangayensa dogaye ne, sirara, cike da manyan tagogi. Rufin dutsen da ke kansu, mai lanƙwasa irin bakan gizon sorayenmu, nauyinsa yana tura bangayen waje. Daga waje kuma akwai tokaren dutse masu kama da haƙarƙari da ke tura su ciki. Ginin yana tsaye ne saboda turin ciki da na waje sun yi daidai. Da rufin ya ɓurme a wasu wurare, sai tokaren suka zama suna turin bangon da ba abin da ke mayar musu da martani. Dole aka sassaƙa manyan katakai aka tallafe tokare 28 ɗaya bayan ɗaya, kowanne da awonsa, domin ba biyu da suka zo daidai.

Sai kuma dandamalin ƙarfen da aka kafa don gyaran hasumiyar. Wuta ta narkar da shi, sanduna kimanin 40,000 masu nauyin tan 200 suka manne da juna, suka tsaya a kan ginin da ya riga ya ji rauni. Da igiya aka riƙa zuro ma'aikata daga sama suna yanka su ɗaya-ɗaya, daga Yuni zuwa Nuwamban 2020.

Ga dalma. An lulluɓe rufin da hasumiyar da fiye da tan 400 na dalma, wuta ta narkar da wani sashe, wani kuma ya tashi ya zama ƙura ya sauka cikin majami'ar da unguwannin da ke kewaye. Dalma guba ce, ta fi illa ga yara ƙanana. A tsakiyar 2019 sai da aka dakatar da aikin na makonni don a tsaurara matakan kare ma'aikata, aka wanke makarantun da ke kusa. Daga nan duk wanda ya shiga wurin aikin sai ya sauya tufafi, idan zai fita sai ya yi wanka. Annobar korona ta sake tsayar da komai a Maris 2020. Ruwan da aka kashe wutar da shi ma ya bar nasa ciwon: ya jiƙa duwatsu, ya narkar da gishirin da ke cikinsu, da suka fara bushewa gishirin ya riƙa fitowa yana cin fuskar dutsen. Da wani kwaɓi na yumɓu da yashi aka riƙa shafe su, a bar shi ya tsotse gishirin, a ɓare. Sai a 2021 aka ce ginin ya fita daga haɗarin rushewa.

Wace Notre-Dame za a maido?

Nan ne gardamar ta fi zafi, kuma ita ce tambayar da ke jiran duk mai gyaran tsohon gini. Hasumiyar da duniya ta yi wa kuka ba ta asali ba ce. An sauke ta farkon a ƙarshen ƙarni na 18 da ta fara karkata, majami'ar ta yi shekaru da dama ba hasumiya a tsakiyarta, wadda ta ƙone kuwa Viollet-le-Duc ne ya zana ta, aka kammala a 1859. To idan shi ya samu damar sa hannun zamaninsa a ginin, me zai hana mutanen yau su sa nasu? Kwana biyu bayan gobarar Firaminista Édouard Philippe ya ba da sanarwar gasar zanen sabuwar hasumiya, aka ga zane iri-iri, daga rufin gilashi har lambu a saman ginin.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Faransa ta sha yin haka. Da rufin babbar majami'ar Chartres ya ƙone a 1836, da ƙarfe aka mayar da shi. Na Reims da aka ragargaza a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kankare aka sake shi. Haka na Nantes bayan gobarar 1972. Ƙarfe da kankare ba sa kama wuta kamar itace, kuma duk majami'un nan uku suna tsaye.

Babban mai kula da ginin, Philippe Villeneuve, ya tsaya kai da fata a kan a mayar da komai yadda yake, har ya ce zai ajiye aiki idan aka yi akasin haka. Abin ya kai Janar Georgelin ya faɗa a gaban 'yan majalisa cewa Villeneuve ya rufe bakinsa. Hujjar ɓangaren Villeneuve ita ce ƙa'idar gyaran kayan tarihi ta duniya, wadda aka tsara a Yarjejeniyar Venice ta 1964, tana cewa a girmama abin da kowane zamani ya ƙara wa gini, kuma gyara ya tsaya inda kintace ya fara. A Notre-Dame ba a bukatar kintace. Zanen Viollet-le-Duc yana nan. A 2014 wasu matasan masu zanen gini biyu, Rémi Fromont da Cédric Trentesaux, sun auna azarorin rufin ɗaya bayan ɗaya sun zana. Wani malamin tarihin gine-gine a Amurka, Andrew Tallon, wanda ya rasu a 2018, ya ɗauki awon ginin da na'urar haske mai auna tazara, awo fiye da biliyan ɗaya. Ga kuma batun nauyi: bangayen sun saba da wani nauyi a kansu tun ƙarni na 13, sauya shi caca ce. A Yulin 2020 hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta ba da shawarar a mayar da shi yadda yake, Macron ya amince.

Ina ganin an yi daidai, kuma dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne na awo da zane. Da ba a rubuta ginin tun yana da lafiya ba, da maganar mayar da shi yadda yake ta zama tatsuniya. Aikin da Fromont da abokinsa suka yi, suna rarrafe cikin ƙura da awo a hannu, bai kai kuɗin taga ɗaya ba, amma a kansa aka kafa rufin gaba ɗaya. Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne dalma. An sake lulluɓe rufin da ita duk da ƙorafin masu fafutukar kare lafiya da muhalli. Hujjar ita ce tana daɗewa, tana lanƙwasuwa, nauyinta kuma shi ginin ya sani. Na ji hujjar, amma ƙurar da ta sauka a filin wasan yara a 2019 ita ma hujja ce.

An sari itatuwan oak kimanin 2,000 daga dazuzzukan gwamnati da na masu zaman kansu, da yawa kyauta aka bayar. Na hasumiya an yanka su da injin, yadda aka yi a ƙarni na 19. Na babban rufin kuwa da gatari aka fafe su, itace ɗaya azara ɗaya, tun yana ɗanye, yadda kafintocin farko suka yi. Akwai hikima a ciki: zarto yana yanka miƙe ba ruwansa da jijiyar itace, gatari kuwa jijiyar yake bi, sai azarar ta fi ƙarfi kuma ba ta cika murɗewa ba idan ta bushe. Sai da maƙera suka ƙera gatura na musamman don aikin. Wasu daga cikin masassaƙan sun koyi sana'ar ne a Guédelon, inda tun 1997 ake gina wani gidan sarauta da kayan aikin ƙarni na 13 kawai, aikin da a da wasu ke ɗauka wasan masu yawon buɗe ido ne. Duwatsun kuma daga mahaƙar yankin Oise da ke arewa da Paris aka samo irin na asali. Mutum kimanin 2,000 daga kamfanoni 250 suka yi aikin.

A ciki an wanke fuskar dutse mai faɗin murabba'in mita 42,000, da wani ruwan roba da ake shafawa, ya bushe, a ɓare shi da datti. Babban ogan, kayan kiɗan nan mai bututu kusan 8,000, bai ƙone ba amma ƙurar dalma ta cika shi, sai da aka kwance shi aka wanke, aka yi watanni ana daidaita muryarsa da dare lokacin da injuna suka yi shiru. Ƙararrawa takwas na hasumiyar arewa an kai su Normandi an gyara. Aikin ya kuma tono abin da ba a nema ba: akwatunan gawa na dalma a ƙarƙashin daɓen, gutsattsarin wani tsohon shingen dutse mai fenti na ƙarni na 13, da ƙarafan da magina suka ɗaure duwatsu da su tun wajen 1160.

Abin da ya fi muhimmanci a sabon rufin, baƙo ba zai gan shi ba. An raba ƙarƙashinsa gida uku da shingayen da ke tare wuta. An sa na'urorin da ke zuƙar iska suna neman hayaƙi dare da rana, da kyamarori masu jin zafi, da bututun da ke fesa ruwa kamar hazo, wanda zai danne wuta ba tare da ya jiƙa duwatsun ƙasa sharkaf ba. An sake wayoyin lantarki. Waɗannan su ne kayan da a da aka ce za su ɓata tsohon gini.

Janar Georgelin bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a Agustan 2023 a hatsarin hawan dutse, mataimakinsa Philippe Jost ya gaje shi. Ranar 7 ga Disamban 2024 Akbishop Laurent Ulrich ya ƙwanƙwasa ƙofar majami'ar da sandarsa aka buɗe, washegari aka tsarkake sabon bagadi na tagulla aka yi sujada ta farko. An jera sabbin kujeru 1,500 na itacen oak. Kayan sujada irin waɗannan coci ce ta nemi kuɗinsu da kanta, tun da nata ɓangaren ke nan a rabon.

Gardama ba ta ƙare da buɗe ƙofa ba. Macron, wanda ya haƙura da sabuwar hasumiya, ya nace a cire tagogin gilashi na Viollet-le-Duc a ɗakunan addu'a shida na kudancin ginin a sa na zamani. Tagogin nan wuta ba ta taɓa su ba, an ma wanke su. Hukumar kayan tarihi ta ƙi amincewa a Yulin 2024, amma aka ci gaba, a Disamba aka zaɓi mai zane Claire Tabouret. A nan ba na tare da shugaban. Inda wuta ta bar gurbi ana iya tattauna abin da za a sa. Cire abu mai lafiya don mai mulki ya bar tambarinsa kuwa, wannan son a sani ne, kuma ya saɓa wa ƙa'idar da aka bi wajen maido da hasumiyar. Ministar al'adu ta lokacin, Rachida Dati, ita kuma a 2024 ta kawo shawarar a riƙa karɓar Yuro 5 daga masu yawon buɗe ido, ta ce za a samu miliyan 75 a shekara don ceto sauran majami'un ƙasar. Coci ta ƙi, ta ce ba a sa wa ɗakin Allah kuɗin ƙofa, kuma wa zai tsaya yana rarrabe mai addu'a da mai kallo? Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai matsalar da ministar ta nuna tana nan.

Dubban ƙananan majami'un Faransa suna hannun ƙauyukan da kasafinsu na shekara bai isa ya sake rufi ɗaya ba. A 2023 Macron ya buɗe gidauniya dominsu da burin tara miliyan 200 cikin shekara huɗu, amma kuɗin bai zubo yadda ya zubo wa Notre-Dame ba, ko kusa. Hoton wuta yana buɗe aljihu, yoyo kuwa ba shi da hoto. Mu ma muna da irin waɗannan gine-gine. Majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa a Zariya, wadda aka gina da ƙasa a salon ginin Hausa wajen 1929, tana dab da cika shekara 100. Gini irin wannan yaɓe yake so a kan kari, da indararo mai lafiya kafin damina, da maginin da ya san makuba da laso, kuma masu wannan sani raguwa suke yi. Idan ya zube ba attajirin da zai aiko da miliyan 200 washegari. Abin da ikilisiya mai tsohon gini za ta iya yi tun yanzu bai fi ƙarfin baikon ranar Lahadi ba: a auna ginin a zana, a ɗauki hotonsa lungu-lungu, a rubuta wanda ke da alhakin rufi da wanda ke da alhakin waya, a sa wani ya riƙa hawa sama yana dubawa kafin ruwan farko da bayan na ƙarshe.

A Paris an kashe kimanin Yuro miliyan 700, kusan miliyan 140 suka rage. Dokar 2019 ta ɗaure kuɗin ga Notre-Dame kaɗai, don haka ragowar za ta tafi ne ɓangaren gabashin ginin daga waje, wurin tokaren dutse da bangayen da wuta ba ta ci ba amma suke zubewa. Su ne duwatsun da aka je Amurka neman kuɗinsu a 2017. Mutum-mutumin nan 16 an mayar da su gindin sabuwar hasumiya a tsakiyar 2025, a lokacin kuwa dandamalin masu gyara yana kewaye da bayan majami'ar, kuma zai yi shekaru a wurin.